Na Ga Ɓarakar, Na Yi Shiru Don Neman Suna

Edita, sallama gare ku da masu karatu. Ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da ya same ni, ko in ce abin da na jawo da hannuna. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma sun sha wahalar da ta ishe su.

A lokacin ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, na gama karatun kwamfuta na dawo gida Gummi, ba aikin gwamnati ba na kamfani. Mahaifinmu ya rasu tun ina sakandare, Inna ce ke riƙe da gida, sai Yayata da ke aure a wani ƙauye ta wajen Bukkuyum. Abin da na mallaka shi ne ɗaki a zaure, da kwamfuta ta hannu, da farantin sola ɗaya a kan rufi, da wani irin buri da ba ya barin mutum ya zauna lafiya. Mutanen unguwa sun ɗauka gyaran waya nake yi, har sukan kawo mini wadda ta faɗa ruwa, in karɓa in duba don kada su ce na yi girman kai. Amma abin da ke cin raina shi ne a san ni a waje. Ina ganin sa'o'ina na Legas da Abuja ana gayyatarsu taruka, ana buga hotunansu, sai in ce wa kaina wata rana sai an ji cewa mutumin Gummi ma ya iya.

Aikin da na fi ba wa lokaci shi ne taimakawa wajen kula da wani laburare. A wurinmu masu rubuta manhaja, laburare ba ɗakin littattafai ba ne. Ƙunshin umarni ne da wasu suka riga suka rubuta wa kwamfuta, sauran manhajoji su ara su yi aiki da shi maimakon kowa ya fara daga tushe. Namu aikinsa sarrafa rubutu ne, ya auna shi, ya yanka, ya kwafe shi daga wannan wuri zuwa wancan. Ba wanda ke ganinsa, amma yana can ƙarƙashin na'urori masu ɗimbin yawa a duniya. 'Yan sa-kai ne ke kula da shi, mutane ƙalilan a ƙasashe daban-daban, ban taɓa ganin ko ɗayansu ido da ido ba. Ni ne ƙarami a cikinsu, kuma 'yan gyare-gyare marasa nauyi ake bar mini.

Ana nan sai wata ƙungiyar agaji da ke jinyar yara masu gubar dalma a Anka ta nemi wanda zai haɗa mata na'urar aika saƙon tes. Duk wanda ya san yankinmu ya san yadda ƙurar dutsen zinariya ta shiga gidaje ta shiga jinin ƙananan yara. Maganin ba a shan sa sau ɗaya a gama. Ana ba yaro, a sallame shi, a auna jininsa, in sakamako ya nuna yana bukatar ƙari sai a kira iyayensa su dawo da shi. Iyaye kuwa ba sa kamo hanya sai an kira su, domin hanyoyinmu ba na yawo ba ne, kowa ya san abin da ke cikin daji. Na haɗa musu 'yar ƙaramar kwamfuta da ke ɗaukar sunan yaro da ƙauyensu da lambar wayar mahaifinsa ta tura saƙo, kuma na gina ta a kan laburaren namu. Ta yi aiki lafiya. Daga cikin yaran da ake kira har da ɗiyar Yayata, 'yar shekara uku, domin mijin Yaya injin niƙan dutse yake aiki a kai. Gab da damina na koma na sake rubuta saƙonnin. Da ma an rubuta su ne da haruffan Turanci zalla, ni kuma na ga bai dace a aika wa Bahaushe Hausa mai gurguwar ƙafa ba, sai na mayar wa kowane ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsa. Na gwada da sunana da lambata, saƙo ya shigo, na dawo Gummi ina jin daɗin kaina.

Da ruwa ya sauka, wata ranar hantsi ina gwada wani abu dabam a kwamfutata, na zuba mata wani dogon rubutu na Hausa, sai manhajar ta mace. Na tayar da ita, na sake zubawa, ta sake macewa. Na zuba mata Turanci mai tsawon haka, ko gezau. Na yi kwanaki ina bin sawu har na iso ga wasu tsofaffin layuka a cikin laburaren namu, waɗanda aka rubuta tun ban san mece ce kwamfuta ba. Abin da ke faruwa shi ne wannan. Kafin a kwafi rubutu, sai an keɓe masa wuri a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, daidai girmansa. Wanda ya rubuta layukan ya ƙirga haruffa ne, ya ba kowane harafi gurbi ɗaya. To amma haruffanmu masu lanƙwasa gurbi biyu kowannensu yake ci. In kaɗan ne, 'yar rarar da na'ura kan bari sai ta shanye su, ba a ga komai ba. In sun yi yawa, sai rubutun ya cika wurinsa ya tumbatsa, ya zube a kan abin da ke maƙwabtaka da shi ya ɓata shi. Ban ga laifin mutumin ba, wataƙila bai taɓa ganin ƙ a rayuwarsa ba. Amma irin wannan ɓaraka ita ce mafi haɗari a sana'armu, domin mugu zai iya bi ta nan ya cusa nasa umarnin ya ƙwace na'urar baki ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce, in ka ga irin wannan, ka sanar da masu kula da laburaren a asirce, a gyara, a rarraba gyaran, sannan a sanar da duniya. Kuma ina so masu karatu su riƙe wannan, domin a nan laifina yake: a ranar da na gano ɓarakar, a ranar na rubuta gyaranta. Layuka ne 'yan kaɗan, a auna ainihin gurbin da rubutu zai ci maimakon ƙirga haruffa, kuma a ƙi kwafa in wuri bai isa ba. Na gwada, ya yi. Ya rage kawai in aika. Ban aika ba.

Akwai wani taron masana tsaron kwamfuta da za a yi a Abuja bayan damina, ana zaɓen waɗanda za su yi jawabi. Na yi tunanin in na aika gyaran yanzu, manyan za su karɓa su sa sunana a layi ɗaya na godiya, shi ke nan an wuce wurin. Amma in na tsaya na gina cikakkiyar hujja, na nuna a gaban jama'a yadda za a iya ƙwace na'ura da jimla ɗaya ta Hausa, to ba wanda zai sake tambayar ina ne Gummi. Na ce wa kaina ai ɓarakar ta yi shekaru a nan ba wanda ya lura, 'yan makonni ba za su ƙara komai ba. Na ce ni kaɗai na sani, ni kuma ba mugu ba ne. Haka na duƙufa ina gina abin da zan yi taƙama da shi, gero ya fito, ya yi kara, ya fara fitar da kai, ina nan.

Ba zan ce na'urar Anka ba ta faɗo mini a rai ba. Ta faɗo, sau ɗaya, wata Juma'a muna fitowa daga masallaci ina neman takalmina. Gabana ya ɗan faɗi. Sai na ce ai saƙonnin gajeru ne, kuma na gwada su da kaina. Na ce in hanya ta yi sauƙi zan je in duba. Gaskiyar ita ce ba na bukatar hanya. Kiran waya ɗaya ya isa in ce musu su riƙa kiran iyaye da baki har in zo. Amma in na kira sai na yi bayani, in na yi bayani kuma sirrina ya fita. Na sa takalmina na tafi gida.

Wata safiya mijin Yaya ya kira ni, ya ce suna kan mashin za su Anka, yarinya ta kama jijjiga tun asuba, idanunta sun kakkafe, ba ta san wanda ke kanta ba. Ni da Inna muka shiga motar haya. Duk tsawon hanyar Inna na jan carbi, ni kuwa ina kallon gonaki, ina korar tunanin na'urar nan daga raina.

Mun tarar an kwantar da ita an sa mata ruwa, jijjigar ta lafa amma ba ta farka ba. Yaya na zaune a bakin gado, mayafinta duk taɓo. Wata nas, wadda na san mutuniyar kirki ce amma gajiya da takaici sun cika ta, tana yi mata faɗa a gaban sauran mata. Tana cewa an aika musu saƙo tun tuni cewa jinin yarinyar ya nuna tana bukatar ƙarin magani, an sake aikawa, ba su zo ba sai da abu ya lalace. Yaya na cewa wallahi ba saƙon da ya shigo, kullum sai ta sa an duba mata wayar. Nas ta ce kowa haka yake faɗa. Da ta hango ni sai ta ce yauwa, ga wanda ya haɗa na'urar nan, ɗan'uwanki ne, zo ka nuna mata da kanka. Ta ja ni ofis, Yaya na biye da mu. A kan allon kwamfuta ga sunan yarinyar, ga alamar an aika har sau biyu.

Na buɗe cikin na'urar inda ma'aikata ba sa gani, na duba lambar da saƙon ya tafi gare ta. Ba lambar mijin Yaya ba ce. Farkonta ya canza. Saƙon da na ƙawata da hannuna, da aka haɗa shi da sunan mahaifin yarinyar da sunan ƙauyensu, duka masu haruffan lanƙwasa, ya tumbatsa ya zube a kan lambar wayar da ke ajiye kusa da shi. Na'urar ta aika wa wanda ba shi ba, ta rubuta an aika. Nas na jira, Yaya na jira.

“Yaya ba ta yi ƙarya ba,” na ce. “Saƙon bai je musu ba.”

Aka kira likitar da ke shugabantar aikin. Na yi mata bayani a tsaye, ban rage komai ba, har da cewa gyaran yana cikin jakata tun farkon damina. Ta ce yanzu ba lokacin wannan maganar ba ne, in zauna in ware mata duk yaron da lambarsa ta ɓaci. Na zauna na yi. In lissafi ake yi ba su da yawa, amma kowannensu ɗan wani ne. Na kuma ga wani abin da ya ƙara kashe mini jiki. Wani bawan Allah da saƙo ya je masa bisa kuskure ya yi ta maido da amsa, yana cewa shi ba shi da ɗiya mai wannan suna, a nemi iyayenta don Allah. Ba wanda ya gani, domin ban gina na'urar ta nuna amsa ba. Baƙo da bai san mu ba ya damu da yarinyar, ni kawunta ina Gummi ina shirya jawabi.

Kafin azahar ma'aikata sun hau waya suna kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya, inda waya ba ta shiga aka tura masu mashin. Na sa wa na'urar gyaran, abin da bai ɗauke ni tsawon shan shayi ba. Daga nan na fita ƙarƙashin wata dalbejiya inda sabis ke kamawa, na aika wa masu kula da laburaren bayanin ɓarakar da gyaranta. Suka duba, suka ƙara gwaje-gwaje da haruffan harsuna daban-daban, suka gano wani wuri na biyu mai irin matsalar wanda ni ban ma gani ba. Cikin 'yan kwanaki aka fitar da sabon laburare. Babbansu, wani dattijo da ban san fuskarsa ba, ya tambaye ni yaushe na gano abin. Na faɗa masa gaskiya da abin da ya biyo baya. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce yana yi wa yarinyar fatan lafiya, kuma nan gaba in faɗa musu ranar da na gani, ko da ban gama fahimta ba, don shi ya sa muke da yawa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yarinyar ta farka washegarin zuwanmu Anka. Da la'asar Yaya ta fito wanke kwanuka a famfo, na bi ta. Na fara yi mata bayanin haruffa da gurbi, ta ɗaga mini hannu.

“Ni ban san kan kwamfuta ba,” ta ce. “Abu guda nika son ka hwaɗa min. Ka san da ɓarnag ga kahin ɗiyata ta kwanta, ko ba ka sani ba?”

“Na sani, Yaya.”

“Tun yaushe?”

“Tun farkon damina.”

Ta ci gaba da cuɗa kwanon da ya riga ya fita. Can ta ce mini ba faɗan nas ne ya fi yi mata ciwo ba. Ta ce a kan mashin, da yarinya a tsakaninsu tana sanƙarewa, ta zargi mijinta cewa saƙo ya zo ya goge don tsoron hanya. Ya rantse mata, ta ce ba ta yarda ba. Ta ce da nas ta nuna mata alamar an aika, sai ta tabbata shi ne, har ta ƙudura a ranta in yarinyar ta mutu ba za ta koma gidansa ba. Ta ce in je in ba shi haƙuri, don ta zalunce shi saboda ni. Ta kuma ce kada in gaya wa Inna, tsohuwa ba za ta iya ɗaukar wannan ba.

Na same shi a bakin ƙofar asibiti zaune kan mashin ɗinsa. Ya saurare ni har na gama. Na ɗauka zai tashi ya mare ni, kuma na shirya. Sai ya ce shi ne ya riƙa shigowa gida da kayan aiki duk ƙura, yarinya ta ruga ta rungume shi, an sha faɗa masa ya riƙa wanka a waje yana ganin ɓata lokaci ne. Ya ce kowa da nasa kason, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Na ba shi haƙuri, na zauna kusa da shi har aka kira magariba.

Yawancin yaran da aka nema an same su, an ba su maganinsu. Amma akwai yaro ɗaya da aka je aka tarar ƙauyensu ya watse, 'yan bindiga sun tashe su ana tsakiyar damina, ba wanda ya san inda iyayensa suka nufa. Da saƙon ya je a lokacinsa, da yana Anka kafin hakan ta faru. Na yi cigiya a Bukkuyum, na yi a Gummi wurin waɗanda suka yi gudun hijira, ban samu labarinsa ba. Har yau ban sani ba ko yana raye.

Ɗiyar Yaya ta rayu, alhamdu lillahi. Tana tafiya, tana wasa, amma maganarta ta yi nauyi, kuma sa'o'inta sun wuce ta a karatu. Na tambayi likita ko jinkirin ne ya jawo. Ta ce ba za ta iya cewa e ba, ba za ta iya cewa a'a ba, domin gubar ta daɗe a jininta tun kafin nan. Na so ƙwarai ta ba ni amsa guda, ko wacce ce, in san abin da nake ɗauke da shi. Ba ta da ita. Taron Abuja ban nema ba. Ƙungiyar ba ta kore ni ba, amma ta sa wani ya riƙa duba duk abin da na taɓa, kuma na ga daidai ne. Yaya ta yi kusan shekara tana gaishe ni kamar baƙo. Yanzu mun dawo muna hira, amma akwai wani wuri a tsakaninmu da ba ma takawa.

Abin da na koya shi ne, ni ban yi wa kowa ƙarya ba, ban saci komai ba, ban ɓata na'urar kowa da gangan ba, amma duk da haka na cutar da mutane, da shiru kawai. A da ina tunanin haɗarin ɓaraka sai mugu ya zo ya bi ta ciki, ashe ba ta jiran mugu, tana cin mutane tun ana zaune lafiya. Mu masu wannan sana'a muna zaune a ɗaki muna kallon layuka, sai mu manta cewa a can ƙarshen layin akwai mace da ke sa a duba mata waya kowace safiya.

Don haka ina kira ga ƙannena da ke tasowa a harkar manhaja, da ma duk wanda jama'a ke dogara da aikin hannunsa, ko magini ne ko mai haɗa magani. In ka ga ɓaraka a abin da wasu ke jingina da shi, ba taka ba ce da za ka ajiye sai ranar da ta yi maka amfani. Ka faɗa a ranar, ko da bayaninka bai cika ba, ko da wani ne zai ƙarasa gyaran ya samu yabon. In zuciyarka ta taɓa faɗuwa sau ɗaya a kan wani abu, kada ka lallashe ta, ka ɗauki waya. Suna yana iya jira, jinin yaro ba ya jira.

Ina roƙon masu karatu su sa yaron nan da ban samu ba a addu'a, shi da iyayensa, duk inda suke. Ita kuwa ɗiyar Yaya, in na je ƙauyensu takan tsaya a bakin ƙofa tana kokawa da harshenta kafin ta iya fitar da kalmar Kawu. Ba na taya ta, ba na kallon wani wuri. Nakan durƙusa in jira har ta faɗa, sannan in amsa.